Furen Makoki Ya Iso, Baba Na Suyar Awara

Osaka, watan Afrilu

Gwaggo Sumie,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwoyin nan naki? Nan sanyi ya ja baya, amma har yanzu da rigar ulun da kika saƙa mini nake kwana. Lafiyata ƙalau, in ban da idanu da ke yaji saboda kallon kwamfuta. Tunda kin hana ni kiran wayar gida, wai tana kusa da mazaunin Baba kuma kunnenki ba ya ɗaukar murya a waya, to ga takarda kamar yadda kika ce.

Kin tambaye ni me nake koya da har ya fi tsayuwa a shagon awarar ubana. Bari in gwada. Kamfanin da ya ɗauke ni yana da ma'aikata dubbai, kuma kowa da safe shafi ɗaya yake buɗewa a kwamfutarsa. Nan zai nemi hutu, nan zai ga sanarwa, nan oga zai sa masa hannu. Gina irin wannan shafin ake koya mana. Sauran sababbin duk yara ne da suka fito jami'a jiya jiya, sai ni da na haura talatin. Suna ce mini Babbar Yaya, ni kuwa su nake lallaɓawa su nuna mini inda na ɓata.

Ogana, Hosoya, ya ba ni aikina na farko, sashen rasuwa. In aka yi wa ma'aikaci mutuwa, zai rubuta sunan mamacin da adireshin gida, sai manhajarmu da kanta ta yi magana da manhajar masu furanni, su kai farin furen kiku na makoki da saƙon ta'aziyya da sunan kamfani. Ba mai ɗaga waya, ba mai zuwa ko'ina. Yaran duk sun zille, wai ba sa son harkar mutuwa. Ni da na yi jinyar Mama har ƙarshe, me zai tsorata ni? Hosoya ya ce ƙofa biyu ce: ta gwaji, wadda duk abin da ka tura ba ya zuwa ko'ina, da ta gaske. Kullum sai ya tsaya a kaina ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Kuwabara, duba ƙofa kafin ki danna. In kin duba, sake dubawa."

Gwaggo, Baba fa? Ranar da na taho ko ɗago kai bai yi ba. Yana tace waken suya ya ce, "Ki ja ƙofa, iska na shigowa." Shi ke nan sallamar da na samu. Yana ambatona kuwa? Kada ki ɓoye mini. Burina in zo Obon, bikin tuna mamata na watan Agusta, in share kabarin Mama, in zauna da shi ko da ba zai ce uffan ba.

'Yarki,
Chizuru

Gida, watan Mayu

Chizuru,

Takardarki ta iso. Gwiwoyi suna nan suna yi mini tsiya, matakalar bayan shago ma na daina hawanta, shanya yanzu a tsakar gida nake yi. Na karanta bayaninki sau biyu, abin da na fahimta shi ne kin bar abin da ake ci kin koma abin da ake kallo. Kuma duk aikin da ke birnin nan ba a samo miki ba sai na mutuwa? Lallai wannan Hosoya ya iya zaɓe.

Kin ce kada in ɓoye miki, to ba ya ambatonki. Babanki Teruo ba ƙanina ba ne, yayana ne, na san shi tun yana da gashi, in abu ya ci masa rai sai ya rufe baki ya buɗe aiki. Amma duk ranar da ɗan aike ya zo da takarda sai ya sami dalilin share ƙofar ɗakina. Shekaranjiya tsoho Iwao mai gyaran keke ya ce masa, "Teruo, an ce 'yarka ta zama injiniya." Ya ce, "An dai ce." Sai ya ƙara masa awara ɗaya a leda. Ki fassara da kanki, ke ce mai ilimi.

Babanki bayansa na damunsa, yana ɗan zuwa asibitin birni. Ki ci abinci na kirki, ki daina wannan taliyar cikin kofi. Obon kuwa ko ba ki tambaya ba dole ki zo, ciyawa ta fara cin kabarin uwarki.

Gwaggonki

Gida, watan Yuni

Chizuru,

Ba gaisuwa yau. 

Jiya da hantsi mota ta tsaya ƙofar shago. Maza biyu cikin baƙaƙen kaya suka sauko da farin kiku, tsayinsa ya fi ni, suka kafa shi daidai inda masu saye ke tsayawa, suna ta sunkuyo. Ɗaya ya miƙo mini takarda da hannu biyu ya ce, "Ke ce Sumie? Sannu da haƙuri." Na buɗe. Wai kamfaninku na yi mini ta'aziyyar rasuwar Kuwabara Teruo, mahaifin ma'aikaciyarsu Chizuru. Shi kuwa marigayin yana ciki yana suyar awara, ina jin ƙarar man daga inda nake.

Kin san layinmu. Kafin in rufe baki labari ya kai bakin teku. Mata suka fito suna goge hannu, Iwao ya ruga gida ya sa baƙar kwat a kan wandon aiki, ya taho da carbinsa yana kuka shaɓe-shaɓe. Yana ɗaga labule suka yi ido biyu da babanki. Ya ce, "Teruo! Kai ne ko fatalwarka?" Babanki ya ce, "Fatalwa ba ta suya. Guda nawa za a sa maka?" Mutane suka kwashe da dariya, ni ma na yi, tir da ni.

Sai babanki ya fito da matsami a hannu, ya ga furen. Ya karɓi takardar ya karanta, ya kai ƙarshe ya koma farko. Dariya ta ɗauke. Ya juyo ya ce mini a hankali, "Sumie, ke kika gaya mata?" Na ce ban gaya miki komai ba. Ya ce, "To ashe da kanta ta gama da ni." Ya kashe wuta, ya sauke labulen shago da rana tsaka, abin da ko ranar rasuwar uwarki bai yi ba.

Me ya yi miki haka? In fushi kike yi da shi ai da baki ake faɗa. Ki ba ni amsa.

Sumie

Osaka, watan Yuni

Gwaggo,

Wayyo ni. Na riga na sani kafin takardarki ta iso, don masu furannin sun kira ofis. 

Ki saurare ni, ko da ba za ki yafe ba. Gwaji nake yi. Na sa sunan ƙarya da adireshin ƙarya kamar yadda kowa ke yi, manhajar masu furanni ta yi ta dawo mini da shi, wai ba gida irin wannan a ƙasar nan. Na gaji, ina so kawai in ga abin ya wuce sau ɗaya. Sai na rubuta adireshin da yatsuna suka sani ba tare da tunani ba, namu, da sunanki a wurin mai karɓa. Wurin dangantaka akwai uwa, akwai uba. Na kasa sa sunan Mama, ita ta gaske ce, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Na ce Baba ai yana nan da ƙarfinsa, wasa ne, ba inda zai je. Da na danna ya wuce, har tafi na yi, Gwaggo, har yaran suka taya ni murna. Ban san tun da safe, wajen neman gyara, na juya manhajar zuwa ƙofar gaske na manta ban mayar ba. Layi ɗaya ne tak. Kullum ana ce mini in duba ƙofa, ranar ce ban duba ba.

Hosoya bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Kuwabara, sayo kwalin alewa mai kyau. Asabar ni da ke za mu je mu durƙusa a gaban mahaifinki." Na ce ya bari in tambaye ki tukuna. Ga wata takarda a ciki ta Baba, ki miƙa masa don girman Mama.

Amma akwai abin da ya hana ni barci fiye da komai. Me yake nufi da "ke kika gaya mata"? Gaya mini me?

Chizuru

Gida, watan Yuli

Chizuru,

Na yarda ba da gangan kika yi ba. Wauta ce, kuma wauta gadonmu ce, ni ma ina da rabona.

Ga nawa rabon. Ba ciwon baya ba ne. Ciwon daji ne a hanta, tun kafin ki tafi ya sani. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa miki ba, wai in kin ji za ki ajiye jakarki ki koma bakin kasko har tsufa. Likita ya ce in ya bi magani zai ga furen bazara mai zuwa. To kin ga a kan wane rauni furenki ya sauka.

Ki ce wa oganki ya riƙe alewarsa. Kada ku zo yanzu. Takardarki na ba shi, ya ajiye gaban hoton uwarki, ban ga ya buɗe ba. Furen kuwa na so in ba masu shara, ya ce kada in taɓa. Ya kinkime shi ya hau bayan shago da almakashi, ina jin ƙaf, ƙaf, ƙaf har la'asar. Da ya sauko ba abin da ya rage sai ƙarfen da aka ɗaura furen a kai da kawunan furen a bokiti. Ban taɓa ganin ya huce haushi a kan abin da ba ya magana ba. Ya buɗe shago, amma Iwao ne kaɗai ke iya tsokanarsa, sauran sai su saya su wuce suna kallon ƙasa. Ki bari ya sauko, zan sanar da ke.

Gwaggonki

Osaka, watan Satumba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan zafin nan bai wahalar da ku ba. Katinki biyu sun iso, na ga faɗan da ke ciki, na cancanta. Kin ce girman kai ne ya hana ni zuwa Obon. Ba shi ba ne. Na sayi tikiti, na je har tasha. Sai na tuna ƙarar almakashin nan da kika rubuta, na ga kamar in na ɗaga labulen shago ni ce motar furanni ta biyu. Mutum na fama da ransa, ya ɗago ya ga wadda ta riga ta yi masa makoki? Na koma ɗaki na yi kuka har na gode wa bango da bai da kunne.

Ba a kore ni ba. Hosoya ya ce wanda ya fasa shi zai gyara, ya bar mini sashen. Yanzu na gina masa tsaro. Manhajar ba za ta ƙara buɗe ƙofar gaske daga kwamfutar gwaji ba, kuma ba za ta aika fure sau biyu da sunan mutum ɗaya a gida ɗaya ba, don kada wani gida ya sake ganin abin da kuka gani. Ni na rubuta har kalmomin da za ta nuna in ta ƙi. Za a buɗe sabon shafin ga duk kamfani a tsakiyar Nuwamba. Ina so in zo wa Baba da wannan a hannuna, in ce masa na ɓata amma na gyara, ban bar shagonka a banza ba. In na zo hannu rabbana me zan ce masa?

Yana cin abinci kuwa?

Chizuru

Gida, watan Oktoba

Chizuru,

Na ce zan sanar da ke, to ga shi ina sanar da ke. Ki zo. Shago a rufe yake, ƙafafunsa sun kumbura, kunun shinkafa ma cokali kaɗan yake sha. Likita ya daina maganar bazara.

Akwai abin da yake so ya nuna miki. Ya hana ni faɗa, ya ce da idonki za ki gani. Ni na gaji da riƙe wa gidan nan alkawari, amma wannan zan riƙe. Ba ruwansa da abin da ke hannunki, ki zo da hannun kawai.

Gwaggonki

Osaka, watan Oktoba

Gwaggo,

A gurguje nake rubutu. Ba a ba kowa hutu kafin buɗe shafin, kuma in na nema ni da na jawo abin kunya, da wane ido zan kalli mutane? Saura kaɗan. Washegarin buɗewa zan hau jirgin ƙasa na farko, na riga na sayi tikiti. Ki ce masa ina zuwa. Ki ce masa ya jira ni.

Chizuru

Osaka, watan Disamba

Gwaggo,

Yaya kika ji da kaɗaici? Kina kunna abin ɗumama ɗaki kuwa, ko kina ta tattalin nan naki? Ni na dawo aiki. An buɗe shafin ba na nan, an ce komai ya tafi daidai, yaran har sun ajiye mini kek.

A wurin makokin Baba na ji matar limamin haikalinmu tana raɗa wa wata, wai babban kamfani guda ko fure bai aiko ba, na wasa ne kawai suka iya. Na ga kin ji, kuma ba ki tambaye ni ba. Ga amsar.

Da Iwao ya kira ni da safen da Baba ya rasu ina kan kujerata, saura kwana kaɗan a buɗe shafin. Hosoya ya ce, "Shigar da shi a sabon, yana aiki, sannan ki ruga tasha." Na rubuta sunan Baba. Na rubuta adireshinmu. Na duba ƙofa, na sake dubawa, ta gaske ce. Na danna, sai ta fito mini da kalmomin da ni na tsara da hannuna: "An riga an yi ta'aziyyar wannan mamaci." Na sake dannawa, ta sake faɗa. Hosoya ya ce zai kira masu furannin da kansa, na ce ya bari. Gaskiya ta faɗa. Na riga na kashe nawa furen tun yana raye, da ya mutu ba ni da abin ba shi.

Gwaggo, ko sau ɗaya ban ji muryarsa ba tun "ki ja ƙofa". Ya tafi yana ganin 'yarsa ta gaji da jiran mutuwarsa. Ba na jin zan ƙara iya zuwa garin nan. Ki sayar da kaskon, ko ki ba wanda zai yi amfani da shi.

Abu ɗaya. Waɗannan fararen kiku da aka jera gefen akwatinsa a cikin robobin awara, wa ya kawo su? Ina so in aika masa godiya. Sannan me Baba ya so ya nuna mini? Na kasa tambayarki a gaban mutane.

Chizuru

Gida, watan Disamba

'Yata,

Ina kunna abin ɗumamar, kada ki dame ni. Iwao na leƙo ni kullum, ya cika ni da surutu ya shanye mini shayi.

Tambayoyinki biyu amsarsu ɗaya ce. Na ɗauka kin gane da kika gan su, shi ya sa na yi shiru, ashe ke da ubanki duk sai an buga muku ganga a kunne. Furenki ne, Chizuru. Wanda motar nan ta kawo.

Ni ce na ɓata, da na rubuta miki haushi yake hucewa da almakashi. Kunne kawai na bi, ƙafata ba ta hau ba. Ashe rassan yake yankawa gaɓa gaɓa yana dasawa a tsofaffin robobin awara. Duk damina da zafin nan yana jan ƙafa yana hawa ya ba su ruwa, ni ina zaton tabarsa yake ɓoye mini. Sai a Oktoba, da ƙafar ta ƙi, ya ce in kira Iwao ya dinga hawa. Na sa aka tallafe ni na hau. Bayan shago fari fat, sun fara buɗewa.

Na sauko na ce, "Yaya, furen mutuwarka kake reno?" Ya ce, "Ke dai ba ki da kai. Ranar na ji zafi, ba ƙarya. Amma da dare ya yi na zauna na duba. Yarinyar nan tana zaune a Osaka ta danna abu da yatsa, mota ta tsaya a ƙofata, ba ta ɓata layi ba, sunana ba kuskure. Ashe abin nata yana aiki." Na ce to ka faɗa mata mana. Ya ce, "In ta zo za ta gani. Wannan ne abu na farko da ta yi da hannunta ya iso gidan nan, zan bar wa masu shara?"

Da na karanta masa cewa kin ce ya jira ki, ya yi 'yar dariya ya ce, "Ki bar ta ta gama aikinta, ba a barin kasko a kan wuta." Ya yi ƙoƙari, ni shaida ce. Shi ya ce in an tashi kai shi a jera masa su kusa da kansa, kada a sayo na kowa. Don haka matar liman ta yi ta raɗarta, furen kamfaninku ya fi na kowa yawa a wurin.

Ba zan ce miki da kin zo ba, kin fi ni sanin wannan, kuma ni ce na fara ce miki kada ki zo. Mu raba kayan, kowa ta ɗauki nata.

Kasko ba na sayarwa ba ne. Kuma akwai roba ɗaya da ya hana a sauko da ita, ya soka mata ɗan katako da sunanki a jiki. Tana can sama ita kaɗai. Iwao bayansa ya riƙe tun ranar ɗaukar akwati, ni kuwa kin san gwiwata da matakalar nan. Tun da aka kai babanki ba wanda ya ba ta ruwa, ga sanyi ya fara sauka. Ki zo ki hau.

Gwaggonki,
Sumie